Darasin Kimiyya: Kwaɗo, Fadama da Abincin Manomi

Darasinmu na yau a kan kwaɗo ne, da wurin da yake zama, da mutanen da suke neman abinci a wannan wurin. Tambayar da za mu bi daga farko zuwa ƙarshe guda ɗaya ce: za a iya kare mazaunin kwaɗo ba tare da an hana manomi da masunci da makiyayi cin abincinsu ba? Kafin mu amsa, sai mun san halittar da muke magana a kanta.

Jikin kwaɗo

Kwaɗo yana cikin rukunin dabbobin da ke fara rayuwa a ruwa su ƙarasa a tudu. Ƙwansa ba shi da ɓawo irin na kaza, wani abu ne mai yauƙi ya lulluɓe shi, don haka in rana ta same shi a busasshiyar ƙasa ya mutu nan take. Kwaɗon gida mai kaushin fata yana zuba ƙwansa a jere kamar zare, kwaɗin ruwa masu santsi kuwa galibi dunƙule-dunƙule suke zubawa ko su warwatsa shi a saman ruwa. Daga ƙwan ne talibambam yake fitowa, da wutsiya, babu ƙafa, yana numfashi a cikin ruwa irin na kifi. Bayan wasu makonni ƙafafun baya su fito, sai na gaba, huhu ya ginu, hanji ya gajarce domin abinci zai sauya daga gansakuka zuwa ƙwari. Wutsiyar ba yankewa take yi ta faɗi ba, jiki ne yake shanye ta a hankali ya yi amfani da ita a matsayin abinci. Abin da ke ba da umarnin wannan sauyi duka wani sinadari ne da ke fitowa daga ƙullin nan na wuya, wanda idan ya kumbura a jikin mutum muke cewa maƙoƙo.

Ku riƙe wannan da kyau, domin duk darasin a kansa ya rataya: kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fata yake tsotsa, musamman fatar ciki da ta cinyoyi. Ta fatar kuma yake samun wani kaso na iskar da yake shaƙa. Fatar da ruwa da iska suke ratsawa cikin sauƙi, guba ma ratsa ta take yi. Shi ya sa masana suke kallon kwaɗo a matsayin ma'aunin lafiyar ruwa. In kwaɗi suka ɗauke daga wani tafki, to akwai abin da ya shiga ruwan, kuma wannan ruwan ne shanu ke sha, yara ke wanka a ciki.

Wanda yake son ganin aikin kwaɗo da idonsa, ya tsaya kusa da fitilar ƙofar gida a daren da aka yi ruwan farko, lokacin da shinge ke tashi. Zai ga kwaɗo ya zauna shiru, maƙogwaronsa na motsi. Da ƙwaro ya gifta, sai harshe ya fita ya dawo kafin ƙiftawar ido. Harshen a gaban baki yake manne, ba a maƙogwaro ba kamar namu, shi ya sa yake iya wurga shi waje. Sannan ku lura da idanunsa lokacin haɗiya: lumshe su yake yi su nutse ciki, domin ƙwayar idon tana taimakawa wajen tura abincin zuwa ciki. Haka zai yi ta yi har dare ya raba.

Shekarar kwaɗo a Sakkwato

Ruwan saman da muke samu a nan bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. To ina halittar da fatarta ba ta riƙe ruwa take shiga na tsawon watanni 7 ko 8?

Kowane iri da dabararsa. Akwai masu bin ruwa duk inda ya rage, su taru a bakin gulbi da tafkuna da tsofaffin rijiyoyin lambu. Babban kwaɗon ruwa da masana ke kira Hoplobatrachus occipitalis yana cikin waɗannan. Akwai masu haƙa rami su binne kansu, wasu har su yi wa jikinsu riga da tsohuwar fatar da suke saɓulewa, zuciya ta rage bugu, numfashi ya yi ƙasa, su kwanta sai ruwa ya jiƙa ƙasar ya tashe su. Masunta sun san irin wannan a wurin gaiwa, wadda ake tonowa daga busasshen taɓo da ranta. Akwai kuma ɗan ƙaramin kwaɗon ciyawa na yankinmu na Afirka ta Yamma, wanda yake mannewa a jikin kara a tsakar rana, launinsa ya koma fari fat domin ya mayar da zafin rana.

Da ruwa ya sauka sosai, sai kukan nan da kuka sani ya cika dare. Maza ne ke yin sa, suna kiran mata, kuma kowane iri da muryarsa. Daga nan tsere ya fara. Talibambam yana buƙatar ruwan ya zauna har ya yi ƙafa, wani iri makonni 3 sun ishe shi, wani sai ya haura wata guda. In kududdufin ya ƙafe saura kwana biyu, duk haihuwar ta tafi a banza. Abin mamaki kuma, babban tafki mai ruwa duk shekara ba shi ne wurin da ya fi dacewa da yawancinsu ba, domin tarwaɗa da sauran kifaye suna cinye ƙwan da 'ya'yan. Ɗan ruwan da ke kwanciya a kwari na wata ɗaya ko biyu, wanda mutum zai wuce bai ko kalle shi ba, shi ne ɗakin haihuwarsu. Irin wannan ruwa ya fi yawa a fadama, inda gulbi ke cika ya malala sannan ya janye.

Me kwaɗo yake yi mana?

Babban kwaɗo mai cin nama ne: fara, tsutsa, gara, ƙwarin shinkafa, duk abin da ya motsa kuma ya shiga bakinsa. Shi kansa abinci ne ga shamuwa da zalɓe da balbela da tsari da macizai da kifi. Talibambam kuma yana kankare gansakuka, ya rage ruɓar ruwa. Game da sauro, kada mu zuzuta abin da bai kai ba. Yawancin 'ya'yan kwaɗi ba sa cin tsutsar sauro, sai dai na babban kwaɗon ruwan da na ambata, waɗanda mafarauta ne tun suna da wutsiya. Kwaɗo ba zai maye gurbin gidan sauro ba. A gona ne amfaninsa ya fi fitowa fili.

Ƙasar Indiya ta koyi wannan da tsada. Shekaru da dama tana cikin manyan masu fitar da cinyoyin kwaɗi zuwa Turai da Amurka, ana kwasar su daga gonakin shinkafa. Da kwaɗi suka ragu sai ƙwari suka yi yawa, manoma suka koma sayen maganin feshi. A 1987 gwamnatin ƙasar ta hana fitar da su, Bangaladash ma ta biyo baya ba da jimawa ba.

Halin da ake ciki

A watan Oktoba na 2023 aka fitar da sakamakon wani babban nazari da ya duba nau'o'i fiye da 8,000 na kwaɗi da danginsu a duniya. An samu kashi 41 cikin 100 suna fuskantar barazanar ƙarewa. Babu wani rukuni na dabbobi masu ƙashin baya da ya kai su shiga haɗari. Babban dalili shi ne lalacewar mazauninsu, sai sauyin yanayi, sai wata cuta dangin fumfuna da ke kama fata, wadda ta shafi nau'o'i kimanin 500. Wani kwaɗo mai launin zinariya na ƙasar Kosta Rika, tun 1989 ba a sake ganinsa ba.

A Nijeriya muna da namu. A duwatsun Idanre da ke Jihar Ondo akwai wani kwaɗo, Sclerophrys perreti, wanda ba a san shi a ko'ina a duniya ba sai can. An yi shekaru fiye da 40 ba a gan shi ba, sai a 2013 masana suka sake gano shi. A Kamaru akwai kwaɗon da ya fi kowane girma a duniya, yana kai santimita 32 da nauyin fiye da kilo 3, shi ma farauta da sarar daji sun sa shi cikin jerin masu ƙarewa.

Kwaɗin da muka saba gani a fadamar Rima ba sa cikin wannan jeri. Babban kwaɗon ruwanmu yana nan daga Senegal har gabashin Afirka, kuma masana suna lissafa shi cikin waɗanda babu fargaba a kansu tukuna. Amma ku bambanta abu biyu. Iri yana iya wanzuwa a duniya alhali ya ƙare a fadamarku. Manomin Kwalkwalawa ko Dundaye ba abin da kwaɗin Senegal za su tsinana masa in na gonarsa sun ɓace. A ganina wannan shi ne lokacin da ya fi dacewa a yi magana, tun abin yana da sauƙin gyara.

Abin da ke taɓa fadamarmu

Na farko shi ne madatsu. Birnin Sakkwato yana zaune kusa da inda Gulbin Sakkwato da Gulbin Rima suka haɗu, kuma dukkansu biyu an datse su a sama. An kammala madatsar Bakolori, kusa da Talata Mafara, a 1978. Ta Goronyo kuma an gama gina ta a 1984, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Ba wanda zai musa amfaninsu. Ruwan famfon birnin nan da noman rani na Goronyo da Wurno sun dogara da Rima. Sai dai madatsa tana sauya lokaci da yawan ambaliyar da fadama ta saba samu. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, William Adams, ya yi nazarin ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori a farkon shekarun 1980. Ya samu cewa malalar ruwa ta ragu, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kamun kifi kuma ya faɗi. Ba kwaɗi ya je ƙirgawa ba, amma ku yi tunani: kwarin da ruwa ya daina kaiwa har shinkafa ta gagara, talibambam zai rayu a ciki? Ruwa ɗaya ne ya yanke wa manomi da masunci da kwaɗo a lokaci ɗaya. Haka kuma in ruwa ya zo da ƙarfin da ya wuce kima, kamar ambaliyar Satumban 2010 da ta cinye ƙauyuka ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kowa ne ke asara.

Na biyu shi ne guba, kuma a nan nake so mu daɗe. Noman albasa da tumatir da tafarnuwa da shinkafa a yau ba ya rabuwa da feshi. Ba laifin manomi ba ne ya kare amfaninsa, bashi ya ci ya sayi iri da taki da man injin ban-ruwa. Amma ku je bakin fadama da yamma ku ga yadda ake gama aikin. Mai feshi zai sauke tankin daga bayansa, ya tsuguna a bakin kududdufi, ya cika shi da ruwa, ya girgiza, ya tuttular da farin ruwan nan a cikin kududdufin, ya yar da kwalbar a gefe. Abin da ya rage a gindin tanki ya fi wanda ya sauka a kan ganye ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ya tafi kai tsaye inda ƙwai da talibambam suke. Washegari shanu su zo su sha.

Ba dole sai guba ta kashe nan take take yin ɓarna ba. Wani masani a Amurka, Tyrone Hayes, ya gwada maganin ciyawa mai suna atrazine a kan wani kwaɗon Afirka. A sakamakon da ya wallafa a 2010, ɗan kaɗan daga maganin ya rage wa yawancin mazan ƙarfin haihuwa, kimanin 1 cikin 10 kuma suka rikiɗe suka zama mata. Tarayyar Turai ta hana amfani da wannan magani tun 2004. Mafi muni duka shi ne zuba maganin ƙwari irin gamalin a ruwa don kama kifi. Wannan kisan kiyashi ne ga duk mai rai a tafkin, kuma kifin da aka kama a cikin mutane yake ƙarewa.

Na uku shi ne cike kududdufai ana gini, da mayar da su juji. Dole mu faɗi gaskiya a nan. Kududdufin cikin unguwa da ya cika da leda da ruwan kwata matattarar cuta ne, lafiyar mutane ta fi komai. Amma maganinsa yashewa da tsaftacewa, domin in aka cike shi aka yi gini, ruwan Agusta zai nemi inda zai kwanta, kuma ɗakunan mutane zai samu.

Na huɗu kamu ne. Yawancin mutanen Sakkwato ba sa cin kwaɗo, amma ana fataucinsa. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya bi sawun busassun kwaɗi daga arewacin Nijeriya da Nijar da Cadi da yankin Malanbil na Jamhuriyar Benin zuwa kasuwannin kudu maso yamma, ya nuna cewa miliyoyi ake kwasa duk shekara. Haɗarin yana cikin lokacin kamun. Da rani duk manyan kwaɗin yanki suna tattare a 'yan tafkunan da suka rage, mutum biyu da fitila da raga za su iya share iyayen shekara mai zuwa cikin 'yan darare.

Yadda wasu suka yi

A ƙasar Gana, a tsaunukan Amedzofe na yankin Bolta, akwai wani kwaɗo mai santsi, Conraua derooi, da ke zama a ƙoramun duwatsu. An ɗauka ya ƙare, sai aka sake ganinsa a 2005. Mutanen wurin suna cin sa, suna sare dajin bakin ƙorama don noma, suna wanki a ruwan. Wani masani ɗan ƙasar, Caleb Ofori-Boateng, bai je musu da 'yan sanda ba. Ya bi majami'unsu yana bayani, ya zauna da sarakunansu, har al'ummar da kanta ta ba da fili eka 847, aka kafa wurin kariya mai suna Onepone a 2018. An samar wa mutane wata hanyar samun ruwa don su rage dogaro da ƙoramar, aka kuma gina gadar igiya a saman bishiyoyi wadda baƙi ke biyan kuɗi su hau, matasan garin suka samu aiki. A yammacin ƙasar kuma, Gilbert Adum, wanda shi kansa ya taso cikin masu farautar kwaɗi, ya koya wa manoman gefen dajin Sui kiwon zuma domin su rage shiga mazaunin wani kwaɗon da ba kasafai ake ganinsa ba.

Ba gadar igiya za mu kwaikwaya ba, fadamarmu ba daji ba ce, gona ce da dubban iyalai ke ci daga gare ta. Abin ɗauka shi ne tsarin: an fara tambayar me mutane suke samu a wurin, aka ba su madadinsa, sannan aka roƙe su su bari. Duk shirin da zai fara da korar manomi daga gonar gadonsa saboda kwaɗo, ni ba na goyon bayansa, kuma ba zai ɗore ba. Mutanen wannan yanki ba su manta da abin da ya faru a Bakolori a 1980 ba, lokacin da manoman da aka raba da gonakinsu suka tashi neman diyya aka rasa rayuka.

Abin da ya dace da mu

Sa'ar da muka yi ita ce yawancin abin da kwaɗon fadama yake buƙata ba ya cin kuɗi, kuma ba ya cin gona. A wanke tankin feshi a kan tudu, nesa da ruwa, a zuba ruwan wankin a cikin gonar da aka fesa. Kada a yi feshi in hadari ya haɗu, domin ruwa zai wanke maganin zuwa kwari, manomi ya yi asarar kuɗinsa. A bar 'yan taku na ciyawa a kewayen kududdufi ba a nome ba, ba a ƙone ba. Wannan ciyawa tana tace laka da guba, ta ba ƙananan kwaɗi mafaka ranar da suka fito tudu, da rani kuma a yanka wa dabbobi. Mai injin ban-ruwa ya bar ɗan ruwa a gindin tafki, kada ya zuƙe shi ƙarƙaf. Masu kamu su bar watannin haihuwa, su bar manyan mata masu ƙwai, su riƙa hutar da wasu tafkuna shekara-shekara. Wanda sana'arsa ke nan shi ya fi kowa buƙatar kwaɗi su wanzu baɗi.

Babban aiki kuma yana wuyan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da sauran masu riƙe da makullin madatsu: a tsara sakin ruwa yadda fadamar ƙasa za ta samu malala a lokacinta, a kuma sanar da mutane kafin a saki.

Hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ana hana kamun kifi a gulbin Matan Fada har sai lokacin biki, Sarkin Ruwa da mutanensa ne ke tsare dokar, kuma shi ya sa ake samun manyan kifin da duniya ke zuwa kallo. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen ƙasa, kuma a fiƙihun da muke karantawa rijiya da gulbi suna da hurumin da ba a yarda wani ya mallake shi ya cutar da jama'a ba. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda wani likita ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana shi kashe shi. Malamai sun yi saɓani a kan cin namansa, mazhabar Malikiyya ta halatta, wasu sun hana, wannan fagen malamai ne. Amma babu malamin da ya halatta zuba guba a ruwan da jama'a da dabbobi ke sha. Liman ɗaya da zai faɗi haka a huɗubar Juma'a kafin faɗuwar damina zai kai saƙon inda takardar ofis ba ta kaiwa.

Aikin gida

Ku kasu uku-uku. Kowace ƙungiya ta zaɓi kududdufi ko kwari guda ɗaya kusa da gida, ku je da rana tare da wani babba, kada kowa ya shiga ruwan. Ku rubuta ranar da ruwa ya fara kwanciya da ranar da ya ƙafe. Sau ɗaya a mako ku ɗebi ruwa a farar roba ku duba ko akwai ƙwai ko talibambam, ku zana abin da kuka gani, ku mayar da shi inda kuka ɗebo, ku wanke hannu da sabulu. Bayan magariba ku saurara daga gida ku ƙirga muryoyi iri nawa kuke iya bambancewa. Sannan ku nemi dattijo manomi ko masunci, ku gaishe shi da ladabi, ku ce, "Baba, kukan kwaɗin da kuke ji kuna yara da na yanzu, wanne ya fi? Ina ruwa yake kaiwa a da?" Ku rubuta amsarsa yadda ya faɗa, kada ku gyara masa. Ku kawo littattafanku a makon farko na Oktoba, za mu haɗa su mu zana taswirar kududdufan unguwanninmu a kan allo.